Daga filin ƙwallon unguwa zuwa burtali: yadda ake bin ƙaramar hukuma ta raɗa wa fili suna, ta kuma fitar da hanya

A bayan unguwarmu akwai wani fili da muka taso muka tarar ana ce masa Gindin Tsamiya. Tsamiyar ta daɗe da faɗuwa, sunan dai yana nan. A nan samari ke buga ƙwallo bayan la'asar, a nan ake sallar gawa idan ƙofar gida ta yi wa jama'a kaɗan, da kaka kuma mata su shimfiɗa tabarmi su shanya kuɓewa da barkono. Shekarar da tsohon hedimastan firamarenmu ya rasu, matasa suka kawo shawarar a sa wa filin sunansa, ba kuwa wanda ya ƙi. Aka yi karo-karo, mai walda ya haɗa allo, aka shafa masa kore da fari, aka kafa shi wata Asabar, har da shinkafa da lemo. Ba a rufa wata huɗu ba muka wayi gari tifa ta juye yashi a kusurwar gabas. Da muka taru a kansa, mai yashin ko murya bai ɗaga ba, hannu kawai ya sa a aljihu ya zaro takarda mai hatimi. Mu kuwa allo ne kaɗai hujjarmu.

Kusan shekara biyu muka yi muna sintiri tsakanin sakatariya, ƙofar hakimi da ofishin filaye kafin mu tsira da abin da ya rage. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da ya kamata a ce mun bi tun farko. Zai yi wa duk wata ƙungiyar unguwa ko ta ƙauye amfani, idan tana son hukuma ta tabbatar da wani fili a matsayin dandali ko wurin shaƙatawa, ta kuma ba shi suna. Daga nan sai mu shiga wadda ta fi wuya, wato fitar da doguwar hanya, burtali ne ko hanyar ƙafa, da ta ratsa ƙaramar hukuma fiye da ɗaya.

Mataki na farko: a takarda, filin na wane ne?

A ajiye maganar suna tukuna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba ƙasar kowace jiha gida biyu. Duk inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, ikon filayensa yana hannunsa, ta ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar tsara birane. Abin da ke wajen wannan da'ira shi ne na ƙaramar hukuma, ita ke ba da shaidar mallaka irin ta gargajiya. Wannan rabon ne zai gaya muku ƙofar da za ku fara ƙwanƙwasawa. Mutumin Gwale ko Tarauni ko Fagge a Kano, ko da ciyaman ɗan ɗakinsu ne, ba zai tsallake KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar, da ma'aikatar ƙasa ba. A jihohi da dama hedikwatar ƙaramar hukuma ita ma birni ce a idon doka, har da wani yanki na kewayenta, don haka kada ku ɗauka tunda garinku ƙarami ne magana ta ƙare a sakatariya.

Sai ku gano irin awon unguwarku. Idan awon gwamnati ne, akwai taswira mai lamba, kuma yawanci tun lokacin yanka filaye an ware wurin makaranta, masallaci, kasuwa da filin wasa. Ku nemi lambar taswirar a jikin takardar filin kowane maƙwabci, ku tafi da ita ofishin tsara birane ku ce a nuna muku abin da aka rubuta a kan wurin. In taswira ta ce fili ne na jama'a, rabin aikinku ya ƙare, abin da ya rage shi ne ku karɓi kwafi mai hatimi. In ma'aikaci ya fara kwana-kwana, ku rubuta buƙatar a takarda ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Idan kuwa awon igiya ne, wato wanda masu gona suka yanka da kansu ba gwamnati ba, to a nan ake faɗawa rami. Fili a irin wannan unguwa da wuya ya zama marar mai shi. Ko ragowar gonar gado ce da ba a kai ga yankawa ba, ko tsohon kududdufi da shara ta cike, ko gandun sarauta. Namu gonar gado ce. Babban ɗan gidan ya ce mana a gaban mai unguwa, "Ai Baba ya bar wa jama'a, ku yi abinku." Muka yi godiya muka tashi. Ba mu tambayi ƙannensa ba, ba mu nemi 'yan'uwansa mata da ke aure a wasu garuruwa ba. Ɗaya daga cikin magadan ne ya sayar da kasonsa, kuma a shari'a yana da gaskiyarsa. Saboda haka in kyauta ce ko waƙafi, a rubuta, kowane magaji namiji da mace ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai unguwa da dagaci su shaida, a kai kotun shari'a ko gaban lauya a tabbatar. Zai ɗauki lokaci, za a sha waya da kuɗin mota, amma wannan takardar ita ce ginshiƙin komai.

Bayan nan a kira safiyo mai rajista ya auna, ya kafa turakun siminti a kowace kusurwa, ya fitar da taswira da hatiminsa. Kuɗin da muka kashe wa allo da walima da ya biya rabin wannan aikin.

Mataki na biyu: wa ke da ikon raɗa suna?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai sanya wa hanyoyi da tituna suna da bai wa gidaje lamba. Akwai kuma ginawa da kula da tituna, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen da aka bari a buɗe. Idan aka haɗa biyun, dandalin unguwa da layukan da ke kewaye da shi hurumin ƙaramar hukuma ne. Abin da jiha ta gina da kuɗinta, ko na tarayya, mai abin shi ke raɗa masa suna.

Abin lura shi ne ƙaramar hukuma ba ciyaman kaɗai ba ce. Akwai majalisar kansiloli, kowace mazaɓa da nata. Ciyaman ya ce muku "an gama" a wurin ɗaurin aure ba hukunci ba ne. Hukunci shi ne abin da majalisa ta zauna a kansa, aka rubuta a littafin zama, aka fitar da wasiƙa. Idan kantoma ne ke riƙe da ƙaramar hukumarku, ku karɓi wasiƙarsa, amma da zarar an rantsar da zaɓaɓɓu ku sake kai maganar gabansu. Sashe na 7 na kundin zaɓaɓɓiyar majalisa ya sani, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya ƙara jaddada hakan.

Mataki na uku: zaɓen sunan da baki zai ɗauka

A nan nake so in daɗe, domin a nan ake rigimar da ba ta da dalili.

Ku duba gidan namun daji na Kano. Sunansa na hukuma na Audu Baƙo ne, gwamnan soja na farko a jihar, mutumin da har yau ake yabon ayyukansa. Amma tare mai adaidaita ka ce ya kai ka can da wannan sunan, sai ya tsaya yana kallonka. Ka ce Gidan Zu, ya ce hau. Filin wasa na Sani Abacha kuwa a bakin 'yan ƙwallo Ƙofar Mata ne. A Kaduna, wurin shaƙatawa na bakin kogi yana ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, jama'a kuma Ƙofar Gamji suka sani. Ba raini ne ya kawo haka ba. Baki yana son suna gajere, mai nuna wuri, wanda aka saba da shi. Don haka tambayar farko da kwamitinku zai yi ita ce: yanzu me mutane ke kiran wurin? In akwai tsohon suna mai tarihi, kamar na bishiya, rijiya, sana'a ko wata ƙofa, shawarata a bar shi, a tabbatar da shi a hukumance. In lallai ana son karrama wani, a haɗa biyun, tsohon sunan a gaba. Mu da muka ƙi haka, ga allonmu can da sunan marigayi hedimasta, yara kuma har gobe cewa suke za su Gindin Tsamiya.

Na biyu, a guji sunan mai rai, musamman mai riƙe da kujera. Yau kun sa sunan ciyaman don ya ba ku buhun siminti hamsin, gobe jam'iyyar adawa ta hau, filin ya zama na abokin gaba, ko fitila ɗaya ba za a gyara muku ba, wataƙila ma a tumɓuke allon. Wanda ya rasu ma a bari ƙasa ta lafa, shekara biyu ko uku, zafin rashi ya huce, a ga ko har yanzu jama'a na kan bakansu. Kuma a nemi yardar iyalinsa. Akwai gidajen malamai da ba za su so sunan mahaifinsu a wurin da ake kiɗa da kallon ƙwallo ba, kuma suna da hujjarsu.

Na uku, a tambayi masu wurin kafin a yanke. A ranar 29 ga Mayun 2012 shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas ta koma sunan Moshood Abiola. Ba wanda ke musun girman Abiola a Legas, amma ɗalibai suka fito kan titi, tsofaffin ɗalibai suka tafi kotu, har yau jami'ar na nan da sunanta na da. Shugaban ƙasa ke nan, balle kwamitin unguwa. A Yamai kuma, a watan Oktoban 2024, hukumomi sun cire sunan Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Nijar. Wannan sauyi ne da ke da saƙon siyasa a fili, kuma yana tuna mana cewa duk sunan da hukuma ta sa, wata hukumar na iya cirewa.

Yadda ake tambayar jama'a ba wuya. A sanar a masallatai bayan sallar Juma'a, da coci in akwai a unguwar, a kira taro a filin kansa. A fito da suna biyu ko uku, kada a zo da guda ɗaya a ce a amince. Mata ba sa zuwa irin wannan taro a yawancin unguwanninmu, alhali su da 'ya'yansu ne suka fi amfani da filin da rana, don haka a bi ta islamiyyar matan aure ko ƙungiyar adashi a ji nasu. A unguwar da ke da ƙabilu da addinai daban-daban, sunan bishiya ko na wuri ya fi kawo kwanciyar hankali. A rubuta sunan duk wanda ya halarta, ya sa hannu. A kuma bincika ko babu wani fili ko layi mai irin sunan a cikin ƙaramar hukumar, don kada motar asibiti ko ta kashe gobara ta ɓata hanya wata rana.

Sannan a daidaita rubutun tun yanzu. Ƙ mai lanƙwasa ce ko K, Ɗ ce ko D, kalma ɗaya ce ko biyu. Abin da ya shiga wasiƙar hukuma shi zai bi allo da taswira.

Mataki na huɗu: takardar buƙata da bin sawunta

A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓarku, a ba hakimi kwafi. Shafi ɗaya ya isa: ina filin yake, girmansa, abin da ake yi a cikinsa, sunan da aka zaɓa da dalili a layi uku ko huɗu. A haɗa da taswirar safiyo, takardar kyauta ko kwafin taswirar gwamnati, sunayen mahalarta taro, wasiƙar yardar iyali, da wasiƙar dagaci. Ku roƙi abu biyu a fili, kada ku bar na farkon: a amince cewa filin na jama'a ne, ba za a yanka shi ko a gina shaguna a ciki ba, sannan a amince da sunan.

Ku kai kwafi biyu wurin karɓar wasiƙu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku. Mu sau biyu ana ce mana fayil ya ɓata. A karo na biyu dattijon da ke jagorantarmu ya zaro namu kwafin daga cikin leda ya ajiye a kan tebur, ya ce wa jami'in, "Yallaɓai, ga hatiminku nan, ga ranar. In naku ya ɓata, a ɗauki hoton wannan." Washegari fayil ya fito.

Daga nan takarda kan bi ta sashen ayyuka da jami'in filaye, su zo su ga wurin, su rubuta rahoto, kansila ya gabatar a zama. Wasu ƙananan hukumomin suna da fom da kuɗin rajistar suna. In an ce ku biya, ku biya a asusun hukuma ku karɓi rasit. A wakilta mutum biyu da za su riƙa leƙawa duk mako, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar da aka amince, abin da za ku riƙe shi ne wasiƙa a kan takardar hukuma mai lamba da sa hannu, da kwafin shafin littafin zama inda aka rubuta ƙudurin. Idan filin a birni yake, ku ɗauki wannan wasiƙar ku kai hukumar tsara birane da ma'aikatar ƙasa a shigar a fayil ɗinsu. Hukumomin nan ba sa karanta takardun juna sai an kai musu har tebur.

Sai yanzu ne lokacin allo. A rubuta lambar wasiƙar amincewa a ƙasansa da ƙananan haruffa. Mai tifar yashi yana karanta irin wannan. A dasa darbejiya a bi iyaka, a naɗa masu ban ruwa, a sa sunan wurin a taswirar Google don masu waya su same shi.

Hanyar da ta ratsa iyaka

Fili yana wuri ɗaya, a ƙarƙashin hakimi ɗaya. Hanya kuwa tafiya take yi, kuma duk inda ta tsallaka iyaka sai ta tarar da sabon mai iko da bai san da zamanta ba. Irin hanyoyin da nake nufi uku ne. Akwai burtali, wanda garke ke bi daga makiyaya zuwa mashaya, ko daga arewa zuwa kudu da rani. Akwai hanyar ƙafa da ta keke da ke haɗa ƙauyuka da kasuwa ko makaranta. Akwai kuma hanyar masu yawon ganin tarihi. Ɗauki misalin wanda zai so a tsara wa baƙi da 'yan makaranta tafiyar ƙafa a cikin birnin Kano, daga marinar Ƙofar Mata, ta kasuwar Kurmi, a hau Dala, a gangara Goron Dutse, a fita ta Kabuga. Tafiyar wuni ɗaya ce, amma ta taɓa ƙaramar hukumar Birni, ta Dala da ta Gwale. Badala kuma kayan tarihi ce ta ƙasa, a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, ga masarauta, ga KNUPDA. Hanya ɗaya, ƙofa shida.

Zan fi ba da ƙarfi a kan burtali, don shi ne rashinsa ke jawo zubar da jini, amma matakan duk ɗaya ne.

A fara da neman tsohuwar shaida. Burtali ba sabon abu ba ne a wurin hukuma. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya tun 1965, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashenta a 1998. Sashen noma na ƙaramar hukuma da ma'aikatar gona ko ta kiwo ta jiha kan riƙe tsofaffin taswirori da faɗin da aka rubuta wa kowane burtali. Ku nemo wannan adadin kafin ku fita daji. In kun je ba shi, kowa zai faɗi faɗin da ya yi masa daɗi.

Sannan a taka hanyar da ƙafa, daga farko har ƙarshe. Ba a tsara hanya daga ofis, ba a kuma tsara ta daga cikin mota. A tafi da wakilin hakimi, masu unguwannin da abin ya shafa, arɗo, sarkin noma, jami'in gona, safiyo, da dattijo ɗaya ko biyu da suka yi kiwo ko noma a wurin tun suna yara. Wani matashi ya kunna manhajar taswira a wayarsa ta riƙa zana sawun tafiyar, yana ɗaukar hoto duk inda aka tsaya. Kuma a yi tafiyar sau biyu, da rani da kuma cikin Agusta. Wurin da kuka ratsa da takalmi a watan Maris yana iya zama kwarin da ruwa ke kai wa ƙugu da damina, kuma da damina ne ake fi buƙatar burtali, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. Hanyar da ba ta biyuwa a Agusta ba a gama tsara ta ba, sai an san inda za a sa kwalbati ko inda za a kewaya.

A rubuta duk abin da aka tarar: mashaya, rijiya, maƙabarta, makaranta, fadama, gonar wa da wa. A lura da abin da ba na ƙaramar hukuma ba. Babban titin tarayya yana da hurumin mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Manyan wayoyin lantarki masu ƙarfin kilobolt 330 suna da hurumin mita 50 idan an haɗa gefe biyu, masu 132 kuma mita 30. Layin dogo na hukumar jiragen ƙasa ne. Duk inda hanyarku za ta tsallaka ɗaya daga cikin waɗannan, wasiƙa ce daban ga mai shi.

Sai zama da masu gonaki, wanda shi ne zuciyar aikin. A nan dole a bambanta mutum biyu: wanda ya ci burtali, da wanda sabuwar hanya za ta ci gonarsa. Na taɓa halartar irin wannan zama a gindin wata ɗorawa. Wani manomi ya durƙusa ya ce wa hakimi, "Ranka ya daɗe, ni haka na gada, ban ƙara ko taki ɗaya ba." Hakimi bai musa masa ba, sai ya dubi wani tsoho ya ce, "Baba, kai ka san wurin nan, ina iyakar take?" Tsohon ya karɓi fartanya, ya shiga cikin gonar kamar kunya goma sha biyu, ya tona, sai ga kututturen tsohuwar aguwa a jere. Mai gonar ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na gani." Wataƙila da gaske bai ƙara ba, mahaifinsa ne ya riƙa cin kunya ɗaya duk shekara. Irin wannan ba shi da diyya, amma a bar shi ya girbe abin da ya shuka, kuma kada a tozarta shi a gaban jama'a. Shi ya sa ake wannan zama bayan kaka, ba lokacin da gero ke tsaye ba.

Wanda kuwa za a ratsa ta halastacciyar gonarsa, dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma damar karɓar ƙasa a karkara don amfanin jama'a, amma da sharaɗin biyan diyyar abin da ke kanta, kamar amfanin gona, bishiyoyi da gini, da kuma ba manomi wata gonar a madadin wadda aka karɓa. A ƙirga bishiyoyin a gabansa, a rubuta, ya sa hannu. In babu kuɗin diyya a ƙasa, gara a karkata hanyar da a yi alƙawarin da ba za a cika ba.

Inda aiki ke mutuwa

A bakin iyaka yake mutuwa. Ƙaramar hukuma ta farko ta buɗe nata ɓangaren da faɗinsa, garke ya taho, yana isa iyaka sai ya tarar da gonar dawa ta toshe gaba. Makiyayi ba zai koma baya ba, manomi ba zai tsaya kallo ba. Buɗe rabin burtali ya fi barinsa a rufe haɗari.

Maganin shi ne a kafa kwamiti ɗaya na haɗin gwiwa tun kafin a kafa turke ko ɗaya, kowace ƙaramar hukuma ta ba da jami'in gona, jami'in filaye da kansilan yankin. A rubuta ƙuduri guda, kalma ɗaya, faɗi ɗaya, suna ɗaya, taswira ɗaya, kowace majalisa ta zartar da shi a zamanta. Wurin da hanyar za ta tsallaka iyaka a tsayar da shi da ƙafa, ɓangarorin biyu na tsaye, a kafa turken farko a nan. Ciyamomi biyu na iya zama 'yan jam'iyyu daban, ko ma ba sa ga maciji, don haka a jawo ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ta kira zaman. A kuma yi amfani da fada. Sau da yawa hakiman ɓangarorin biyu sarki ɗaya suke wa mubaya'a, kuma abin da aka faɗa musu a gabansa ya fi wasiƙa goma tasiri.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu tsara wannan. A ƙarƙashin tsarin da dokarsu ta karkara ta 1993 ta aza harsashinsa, akwai kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye, zuwa kwamin (ƙaramar hukuma a wurinsu), zuwa gunduma, inda sarakuna, jami'an gwamnati, manoma da makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Wanda ya bi karkarar Maraɗi ko Damagaram zai ga turakun siminti a jere gefe da gefe suna nuna burtali. Su ma ba su rabu da rigima ba, amma idan ta tashi akwai turken da za a nuna da kwamitin da za a kira.

Turakun nan a yi su da siminti da rodi, a binne su sosai, a jera su yadda in ka tsaya a ɗaya za ka hango na gaba. A ba kowanne lamba, a rubuta lambar da wurinsa a taswira. Tsakaninsu a dasa aguwa, dabba ba ta cin ta, kuma ko an sare ta saiwarta na nan tana ba da shaida. A hanyar ƙafa ta 'yan makaranta ko ta baƙi kuwa, inuwa da wurin zama da alamar kwatance a kowace mararraba sun fi komai.

Maganar kuɗi a fara ta da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ana haɗa kasafin ƙaramar hukuma ne a watannin ƙarshen shekara, don haka kansila ya shigar da aikin kafin nan, da sunansa da adadinsa, a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Hukuncin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma ku tambayi ma'ajin taku abin da ke shigowa hannunsa a zahiri kafin ku ɗora buri a kai. Ɗan majalisar jiha da na tarayya suna da ayyukan mazaɓa. Abin da gayya za ta iya, kamar dasa aguwa da haƙa ramukan turaku, a yi shi da gayya, a bar wa hukuma siminti, safiyo da kwalbati.

Daga ƙarshe a nemi kowace majalisa ta mayar da ƙudurin dokar ƙaramar hukuma, mai faɗin hukuncin wanda ya tumɓuke turke ko ya yi shuka a cikin hanya. Takardun duka a yi musu kwafi uku: ɗaya a sakatariya, ɗaya a gidan hakimi, ɗaya a hannun ƙungiya, a kuma ɗauki hotonsu a waya, domin gara da ɗigon rufi ba sa tambayar muhimmancin fayil. Sannan duk shekara, cikin Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ake sharar gona, kwamiti ya sake taka hanyar da taswira a hannu yana ƙirga turaku. Wanda ya ɓata a rubuta lambarsa, a kai wa dagaci da jami'in gona a makon, a mayar da shi kafin ruwan shuka ya sauka. Da zarar gero ya tsiro a cikin burtali, babu hakimin da zai yarda ya ce a tuge shi, sai dai a jira wata kakar.